Gaisuwar da ke Sumar da Ordinatar

Shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai, ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Matameye. Mai biron wani Alhaji ne ɗan kasuwar Damagaram. Muna da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ke karɓar saƙon waya: mutum ya rubuta sunan kasuwa, Dawce ko Icirnawa ko Yauri, ta mayar masa da farashin tiyar gero. A shekarar yunwa kowa na son ya san inda hatsi ya fi sauƙi kafin ya ɗaura wa jaki kaya.

Ɗan baffana ne ya rubuta porogaram ɗin da harshen C, ya tafi cin rani Kano ya bar ni da shi. Sai abin ya fara suma. Da safe garau, kafin la'asar ya yi nauyi, can kuma ya tsaya cak. In na kashe na kunna, ya dawo kamar ba shi ba. Alhaji ya ce zafi ne, ya sa aka juya wa ordinatar fanka, mu muka zauna muna gumi.

Na san ba zafi ba ne. A C, porogaram yakan ari wuri a ƙwaƙwalwar inji da umarnin malloc, in ya gama ya mayar da wurin da umarnin free. Namu yana ara, wani wuri ba ya mayarwa, har ƙwaƙwalwar ta cika. To amma ina? Na kira ɗan baffana, ya ce shi aikinsa ba ya yoyo, in duba hannuna. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zai kai mu gaban baffa.

Na sa porogaram ɗin ya riƙa buga layi duk sanda ya ara, da duk sanda ya mayar. Na yi ta aika masa “Yauri”, “Dawce” daga wayata, ara da mayarwa suna tafiya daidai. Ga wuta da ake ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, komai ya goge, in koma farko. Mutane kuwa suna tare ni a hanyar masallaci suna tambaya ko injin ma yunwar ta kama shi.

Wata rana da hantsi ina kallon allon, saƙon wani dattijo ya shigo. Ya fara da sallama, ya tambayi gajiya da iyali da zafi, sannan a ƙarshe ya ambaci Icirnawa. Na ga layin ara ya fito, na mayarwa bai biyo ba. Ashe in porogaram bai gane saƙo ba, sai ya amsa da “a sake rubutawa” ya fice ta wata ƙofa, bai saki wurin da ya riƙe ba. Ni a gwajina sunan gari tsurarsa nake rubutawa. Mutanenmu ba sa tambaya ba gaisuwa, in aka ce su sake, sai su ƙara tsawaita ta.

Na saka free a ƙofar nan, na kuma koya masa neman sunan kasuwa a cikin gaisuwar. Bai sake suma ba.

Da na nuna wa Alhaji, ya daɗe yana duban allon, ya ce, “Malam, wannan ɗan layin ne ya cinye mana wata guda?”

Na ce masa shi ne. Ya girgiza kai, ya ce in haka ne a mayar masa da fankarsa.