Cikinsu Fayau Tun Ranar Talata, Dakta Savoie

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, Dakta Huguette Savoie ta yanke jiki ta faɗi a tashar jiragen kamun kifi da ke gaban ɗakin bincikenmu, a gaɓar tekun Fundy. Bokitin ruwan teku ne a hannunta. Likita ya ce zuciya ce ta yi ajalinta. Shekarunta sittin da shida.

Dakta, bara na gama digiri kika ɗauke ni aiki. Ranar farko kika zaunar da ni gaban madubin gwaji, kika nuna mini halittun da kika ba rayuwarki: 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, amma da su kifin sadin ke rayuwa. Jikinsu garau yake kamar gilashi. In sun ci, sai a ga koren zare a cikinsu.

Na tuna fitata ta farko a jirgi, ina ta amai. Kika riƙe mini gashi, kika cusa mini biskit mai citta, kina cewa, "'Yar nan, kifaye sun gode da karin kumallo. Sha ruwa, mu koma aiki."

Halittun nan da ke tankunanmu na ɗakin sanyi, tun kafin a haife ni kike kiwon zuriyarsu. Gansakuka iri uku kike haɗa musu abinci da su, da ido kawai. Ki ɗaga kwalba ga hasken taga, ki shinshina, ki zuba. Na sha roƙonki ki faɗa mini ma'auni.

"Ke da awonki! Kafin ki gama lissafi yunwa ta kashe su. Duba cikinsu, su za su gaya miki."

Ina dubawa, Dakta. Tun Talata cikinsu fayau. Na auna zafin ruwa da gishirinsa, duk daidai. Na sauya haɗi, sun ƙi ci. Na tanki ɗaya sun riga sun mutu, saura tanki biyu.

Jiya mijinki Aurèle ya zo kwashe kayanki. Ya leƙa madubin ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe ba ni kaɗai na kasa cin abinci ba."

Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Ina miƙa ta'aziyya ga Aurèle da 'yarku Solange da dukan dangi. Allah ya ba su haƙuri da dangana.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban san wane launi kike nema a kwalbar ba, ko wane ƙamshi. Ban san ko abincin ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Ban san tsawon lokacin da kitsen jikinsu zai riƙe su ba. Kuma ban sani ba ko in ci gaba da gwadawa, ko in kai sauran bakin teku in sake su tun da ransu.