Ƙafar Elwood ta Uku

Elwood Sorlie ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyaran injinan tatsar madara a gonakin arewacin Wisconsin, a Amurka. Da ya ajiye aiki sai ya sayi injin sassaƙa, irin wanda ke juya gungumen itace kai kuma ka kanga masa ƙarfe har akushi ya fito. Ya kafa shi a gareji, motarsa ta koma kwana a waje cikin ƙanƙara.

Mu 'yan ƙungiyar masassaƙan garin ciwo ɗaya ke damunmu: ba ma iya barin inji yadda kamfani ya ƙera shi. Amma na Elwood ya yi tsanani. Ya haɗa makunni mai maganaɗisu da yake mannawa duk inda ya ga dama, ya ɗaura fitila mai dogon wuya, har maɓallin rage gudu ya ciro daga injin motsa jikin marigayiya matarsa. Akushin da ake yin duk wannan dominsa kuwa, sai a shekara ba a ga biyu ba.

"Ni fa ba masassaƙi ba ne," haka yake ce mana. "Baran inji ne. Kullum ina yi masa kwalliya, ko sannu bai taɓa ce min ba."

Wata Asabar jiri ya ɗebe shi yana tsakiyar aiki. 'Yarsa Janine, mai tuƙa motar 'yan makaranta, ta kawo masa miya ta tarar da shi shame-shame a ƙasa, gungume na ta wulwulawa a saman kansa. Da aka sallamo shi daga asibiti ba ta yi wani kwana-kwana ba.

"Baba, injin nan sayar da shi za a yi."

Hankalinsa ya tashi, don tun rasuwar matarsa garejin nan ne kaɗai inda yini ke wuce masa bai sani ba. Ya roƙi arziki, ya shiga aiki, ya fito da feda: muddin ƙafarka na kai inji na juyawa, kana ɗagawa ya tsaya cak. Janine ta taka, ta ɗaga, ta sake takawa, ta ce to, ta yarda.

Abin da gwanin bai lissafa ba shi ne gwiwarsa. Kafin ya gama gefen akushi ɗaya ta fara yi masa zugi. Sai ya ɗora bulo a kan fedar, na ɗan lokaci dai. Bulon kuma ya tsone masa ido, don mummuna ne. Ya samo itacen ceri mai kyau, ya sassaƙa shi kamar tulu, ya ɗura masa dalma, ya yi masa mariƙi, ya goge shi har yana ƙyalli. Ya raɗa masa suna ƙafa ta uku.

Ya kawo shi taron ƙungiya muna shan kofi. Tsofaffi cike da ɗaki, ba a samu mai hankali ɗaya da ya ce masa ya ji tsoron Allah ba. Vern Dostal, amininsa, juya abin kawai ya yi a hannu ya ce, "Kai tsohon banza, ashe ka iya sassaƙa! Ba ni awonsa."

Ranar da asiri ya tonu, Elwood ya manta bai ɓoye abin ba. Janine ta ɗauke shi daga kan teburi tana jinjinawa.

"Kai, Baba, wannan ya yi kyau! Ban taɓa ganin ka yi abu kamarsa ba. Na mene ne?"

Da ya ce na tokare ƙofa ne, da shi ke nan. Amma yabo ya shige shi.

"Ke dai kawo ki ga ikon Allah," in ji shi. "Kin ga gindin? Daidai faɗin fedar na yanka shi, ko motsi ba ya yi."

Ya ɗora, inji ya tashi. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana murmushi. Sai da ya ga shi da ita duk suna tsaye nesa, inji na gudu ba mai taka shi, sannan murmushin ya gudu.

Janine ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a kan wani gungume, idonta ya kawo ruwa.

"Ni na tsince ka a nan, Baba. Na yi ta kiran sunanka, ƙarar abin nan ba ta bar ni na ji ko kana numfashi ba."

Kunya ta rufe shi. Ya sunkuya da kyar ya ɗauke ƙafar ta uku, garejin ya yi tsit.

"Sayar da shi, 'yata," ya ce. "Na iya yi wa inji birki, ni ne ba ni da shi."

Ba ta sayar ba. Ta dai tafi da wayar wutar injin a jakarta, sai ranar Asabar take zuwa da ita. Elwood ya riƙe ƙarfe, ita ta taka feda. Idan ta ga hannunsa ya fara rawa, ko kuwa tana son magana da ubanta, sai ta ɗaga ƙafa.

"Wannan makunnin ya fi duk waɗanda na haɗa surutu," ya gaya mana. Ya juya kofinsa. "Jiya akushi ko rabi bai kai ba. Labarin mahaifiyarta ta ce in ba ta."