Littafin Lissafin da Na Zaɓa wa Auta

Har yau idan an taru suna ko walima, sai wata ta nuna ni ta ce, "Ga yayar da ta zaunar da ƙanwarta a gida ta koya mata lissafi har ta shiga uni." Ba haka aka yi ba. Ni ce na kusa sa yarinyar nan ta faɗi jarrabawa, kuma na gaji da karɓar yabon da ba nawa ba.

Shekarun baya muna zaune a unguwar Moss Side da ke Manchester, a irin gidajen nan da suke manne da juna, waɗanda idan maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Ban daɗe da zuwa ba. Ni a Kano na tashi wajen kakata, can na gama sakandare, sai da na shekara goma sha tara aka kawo ni wajen iyayena. Ƙanwata kuwa, Auta, a nan aka haife ta. Turancinta na 'yan Manchester ne, rabin kalma take faɗa ta haɗiye rabi. Hausarta kuma sai a hankali.

Auta tana da sikila. Duk lokacin sanyi sai ta yi kwanaki a asibiti, ta dawo ta tarar an wuce ta a aji, ga wasiƙun makaranta a kan rashin zuwa. Shekarar da ta cika sha biyar Umma ta ce ya isa haka, za ta yi karatunta a gida. Turanci da kimiyya tana iya bi da kanta. Lissafi ne matsalar, musamman algebra, wannan na x da y. Kwalejin da take son shiga kuma sun faɗa ƙarara: idan babu C a lissafin GCSE, jarrabawar gama sakandare ta nan, babu gurbi. Muna watan Satumba, jarrabawa a watan Yuni.

Wata mata daga council, wato hukumar gari, ta zo ta gan mu sau ɗaya. Lokacin ana ta rage ma'aikata ko'ina, laburaren unguwarmu ma rabin rana yake buɗewa. Ko shayinta ba ta shanye ba, ta bar mana takarda da sunayen littattafan da suka dace da jarrabawar, ta wuce wani gidan. Wasu mata masu koyar da 'ya'yansu a gida kuma suka yi ta yaba wa Umma wani tsari na Amurka da ake bi ta kwamfuta. Umma ta tattara komai ta miƙo min.

"Ke ce kika ci lissafi. Duba ki zaɓa mata."

Na duba. Minti biyar na yi. Na Amurkan ban ma buɗe ba. Na Turawan nan kuma duk hotuna ne launi-launi, kafin a yi maka tambaya ɗaya sai an ba ka labarin wani da ya je sayen tikitin jirgin ƙasa. Na ce, "Umma, wannan wasan yara ne. Lissafi lissafi ne, ko a Kano ko a Ingila. A kawo min littafin da na yi karatu da shi."

Gwaggo, yayar Abba, a Birmingham take zaune, a Balsall Heath, kuma lokacin tana Kano ganin gida. Ita ta ɗauko min shi a cikin jaka, tsakanin kuka da daddawa. Na hau mota na je na karɓo. Bangonsa ya yage, ga sunana da ajina da rubutuna na 'yar shekara sha shida, ga inda ƙawata ta zana min fure. Ban yi kuka ba, kar ma ku fara. Amma ban san lokacin da muka iso Manchester ba.

Muka fara. Kullum ƙarfe goma na safe a teburin kicin, hita a kusa da ƙafarta, robar ruwan zafi a cinyarta. Yadda aka koya min haka na koya mata.

"Idan lamba ta tsallaka wancan gefen, alamarta ta canja."

"But why, Yaya?"

"Babu why. Haka Malam ya ce."

"Wane Malam?"

"Wanda ya fi ki sani. Rubuta."

Sai kuma babbar dokar nan da 'yan makaranta a gida muke kira almighty formula. Sati uku na yi ina sa ta haddace ta da waƙa, ina buga ludayi a tebur, tana amsawa da muryarta ta Turawa. Umma takan leƙo daga falo ta ce, "Wai karatu ake yi ko kiɗan ƙwarya?" Daga nan muka shiga ɗan littafin four figure table, wanda muke duba lambobi a ciki saboda a makarantarmu ba a yarda da kalkuleta ba. Fiye da wata guda muka yi a kansa. Ta ƙware har tana riga ni nemo lamba, ta ɗaga kai ta ce, "Tsohuwa, ina gilashinki?"

Bari in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. A gidan nan Auta ce mai kiran GP, likitan unguwa, ita ce mai karanta wasiƙun council, ita ce mai maimaita wa mai kanti abin da na ce idan ya yi min kallon bai gane ba. Ni ce babba, amma ita take riƙe da hannuna a titi. Daga ƙarfe goma zuwa sha biyu ne kaɗai nake zama Yaya da gaske. Abin da na zaɓa ke nan. Ba littafi na zaɓa mata ba, kujera na zaɓa wa kaina.

A ƙarshen Janairu, ana gab da yi mata rajistar jarrabawa, Gwaggo ta ce akwai wata 'yar Katsina da take haya a ɗakinta na sama, gwamnati ta turo ta digirin digirgir a lissafi, mu kawo Auta ta gwada ta. Na yi murna. Ni a raina nuna gwaninta zan je yi.

Malamar ta kawo tsohuwar takardar jarrabawa ta ajiye a gabanmu. Na ce wa Auta, "Fara karanto mata almighty formula ta ji." Auta ta rera tsaf. Malama ta yi murmushi, ta buɗe shafin farko, ta ɗora yatsa.

"Ma sha Allah. Amma ai ba sai an haddace ba, ga ta nan an buga musu."

Ga ta nan kuwa. Baƙi a kan fari, sati ukun da muka yi.

Na ce, "To teburin fa?"

"Wane tebur?" Na nuna mata ɗan littafin. Ta karɓa tana juya shi. "Kai! Rabona da wannan tun ina Katsina. 'Yar'uwa, kalkuleta suke shiga da ita."

Auta ta zauna ta yi takardar. Inda aka ce nemo x kawai, ta cinye. Inda aka ce zana, ko bayyana dalili, ko aka ba da labarin mai tikitin jirgin ƙasan nan, ta bar wurin fari fat. Malama ta duba, ta rage murya ta ce idan gobe ne jarrabawar, C ba za ta samu ba. Ta ce yarinyar ba ta da laifi, littafin ne ba na wannan jarrabawar ba.

Gwaggo ta tafa hannu daga bakin ƙofa. "Ni da na bar man shanuna a Kano saboda nauyin littafin nan!"

Kowa ya yi dariya ban da ni.

A mota da yamma muna komawa, na juya fuskata ga taga. Mun yi nisa sai Auta ta taɓa ni.

"Yaya. I knew."

"Kin san me?"

"Tun October. Na duba a kwamfutar laburare. Na san ba ya cikin exam ɗin."

Wallahi da ba a cikin mutane muke ba, da na make ta. Na ce, "Kina da hankali kuwa? Wata huɗu kina kallona ina buga ludayi kamar mahaukaciya, rayuwarki ce fa!"

Ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Kafin littafin ba kya magana da ni. Kina ɗaki kawai, kina kiran Kano. Ban so ki koma ɗaki."

Na mayar da fuskata ga taga. Har yau ba mu sake tayar da maganar ba.

Washegari na nemo takardar matar council a ƙasan durowa, muka sayi littafin farko da ke jiki. Wata huɗu suka rage, a ciki ta yi kwana tara a asibiti. Kujerar da na zaɓa wa kaina ta tafi. Ita take karanta tambaya ta fassara min abin da ake nema, ni kuma in tsare ta da atisaye har sai hannunta ya saba. Idan ta ce why, sai mu nemo tare, don ni ma ban sani ba. A lokacin ne na gane dalilin da ya sa alama take canjawa, ni da na ci lissafi a Kano.

Ta samu C. Ba ƙari, ba ragi. Kwalejin suka ɗauke ta. Umma ta raba waina har ga maƙwabtan da ba su san mece ce ba. Ni dai na san yarinyar nan ta fi ƙarfin C, kuma na san inda sauran ya tafi.

Yanzu tana Birmingham, tana zaune a Perry Barr da ƙawayenta, tana karatun aikin gwaje-gwajen asibiti. Tana kira, amma a gurguje, tana tafiya tana magana. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Ranar da ba ni da aikin safe, ƙarfe goma na yi sai in rasa abin da zan yi da kaina. Ya kamata in tuna watannin nan da kunya, kuma ina jin kunyar. Amma idan aka ce in zaɓi lokaci ɗaya da zan koma a duk zamana a ƙasar nan, waɗannan watanni biyar ɗin da na ɓata mata zan zaɓa. Na san ba daidai ba ne. Haka dai abin yake.

Kwalejin manya da ke kusa da mu sun daɗe da rage azuzuwa, amma na lissafi yana nan. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ina juyowa. Satin da ya wuce na kira Auta na ce mata ina so in zauna jarrabawar ni ma, don ina so in yi karatun jinya, kuma takardata ta gida ta tsufa a cikin akwati.

Ta yi ihu har na janye wayar daga kunnena. Ta ce, "Wa zai koya miki?"

Na ce, "Akwai malamai a kwalejin."

Ta ce, "Oh," murya a sanyaye.

Na ce, "To, ranar Asabar ba su da aji."

Na yi rajista jiya. Na sayi tikitin motar Birmingham na wannan Asabar ɗin, da na ta bayanta.