Yatsun Ataa Ablo

Da sunan Wanda Ya halicci yatsu, Ya bambanta zanen kowanne.

A lungun masu gyaran na'ura da ke unguwar Sakul, cikin birnin Ankara na bakin teku, akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ga da ake kira Ataa Ablo. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, daga bisani ya zauna a kan kwamfuta. Mutum ne mai amana, sai dai Allah Ya jarrabce shi da yawan zato. Ko ruwan leda ya saya, sai ya ɗaga shi ya duba a rana.

Shago guda suke da Efo Mawuli, mutumin garin Ho, kuma saɓaninsu ya shahara kamar na mazhabobi biyu. Ablo yana bin manhajar nan mai tambarin taga, wadda ake saye, da allon maɓallai. Mawuli kuwa ya yi mubaya'a ga ta kyauta mai hoton tsuntsu, da gilashin da ake shafawa. Kullum da azahar, a kan dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, sai mujadala ta tashi.

"Efo, wanda ya ba ka abu kyauta, me yake nema a wurinka?" in ji Ablo.

"Taka da ka saya fa, Ataa? Ga mai aiki tsaye, ita kuwa ta ce sai ta gama kwalliya!"

"Ai ta fi gilashin da ke karanta yatsan mutum. Yana kai wa wa labari?"

"Matarka. Ita ta aiko shi."

Ablo sau ɗaya ya taɓa shafa irin gilashin nan, da daɗewa. Gilashin bai motsa ba, sai ya yanke hukunci cewa yaudara ce, bai sake kusantarsa ba.

Sannu a hankali ya lura da wani abu. Duk wanda ya shigo da na'urar shafawa, Mawuli kan yi zumbur ya karɓe, ko da tsohon mai hulɗa da Ablo ne. Zuciyarsa ta raya masa cewa abokinsa na janye masa jama'a ne domin ya wayi gari shi kaɗai. Bai tambaya ba. A ɓoye ya sa kafinta ya kawo katako, da niyyar raba shagon biyu.

Ana nan sai Mawuli ya tafi Ho jana'izar kawunsa. Washegari Anti Akwele, mai sayar da atamfa, ta shigo da na'urarta, ta ce Efo take nema.

"Ni ban isa ba?" in ji Ablo. "Kawo nan."

Ya shafa, gilashi bai amsa ba. Ya danna, ya goga yatsa a riga, ya sake. Shiru. Ita kuwa ta miƙo ɗan yatsa ta taɓa, nan take ya buɗe.

"Ataa, ko dai ta raina ka ne?" ta ce tana dariya.

Bayan ta fita ya daɗe yana kallon hannunsa. Ƙarfen dalma mai zafi ya ƙona kan yatsunsa shekara da shekaru, har fatar ta yi kanta, ta bushe kamar ƙirgi, gilashi ba ya jin ta.

Da Mawuli ya dawo ya ga katako jingine, ya tambayi na mene ne. Sai Ablo ya buɗe masa tafin hannu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ka shafa ka ce yaudara ce. Da lungun nan ya gani, da yara sun ce Ataa ya ƙare, shi ya sa nake karɓewa."

"Shi ne ka bar ni ina zarginka?"

"Kai da ke zargin ruwan leda? Na ɗauka rabona ne ya iso."

Mawuli ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani alƙalami mai kan roba, wanda gilashin ke amsa wa. Ya ce ya jima da saye, tsoron bakin Ataa ne ya hana shi bayarwa. Ablo ya jujjuya shi, ya ɗaga shi ya duba a rana.

"Wa ya ƙera shi? Shi kuma wa yake kai wa labari?"

Amma ya soke shi a aljihu. Katakon kuwa benci aka yi da shi, kuma a kansa suke ci gaba da jayayyarsu har yau. Allah Ya tsare mu daga zaton da ba a bincika ba.