Pak Kasmidi, Mai Rariyar Yashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, bayan sallar azahar, Bu Sriatun ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi ran mijinta, Pak Kasmidi, a gidansu da ke birnin Semarang. (A wajenmu Pak da Bu laƙabin girmamawa ne kamar Malam da Malama, haka ma Mas da Mbak.) Shekarunsa sittin da tara. Talatin da huɗu daga ciki ya yi su ne a ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a, yana tankaɗe yashi.

Pak, na san da kana raye da ka hana ni wannan rubutu. Ka yi haƙuri, yau dai sai na faɗa.

Ranar da na fara aiki, da sabon digirina da ji da kai, na tarar da kai kana goge rariyoyinka na tagulla da burushi, kofi baƙi a gefe, soyayyar ayaba a cikin takarda. Rariyoyi goma sha biyu ne, a jere su wata kan wata, mai manyan huji a sama. A zuba yashi, a girgiza minti goma sha biyar, a auna abin da ya tsaya a kowace. Na ce maka wannan ai aikin mai tuya ne. Ka yi dariya ka ce, "Haka ne, Mbak Ndari. Sai dai mai tuya in ta yi kuskure, mutum ɗaya ne zai tofar."

Kana da wata ɗabi'a da muke yi maka tsiya a kanta. Duk yashin da aka kawo, bayan an gama da shi, sai ka ɗebi kaɗan ka zuba a kwalba, ka rubuta wuri da rana. Kwalaben suka cika kanta uku, suka gangaro ƙarƙashin tebur. Sau biyu shugaban sashe ya ce a zubar, sau biyun kana cewa to, kana mayar da su bayan ƙofa.

Sai maganar Sidowedi ta taso. Ƙauyen masunta ne a bakin kogi, teku na cin gaɓarsa shekara da shekara. Mutanen suka ce jiragen da ke haƙar yashi a bakin kogin ne suka jawo musu. Kamfanin ya musanta. Hukuma ta ce mu kawo rahoto: in yashin gaɓar ya koma gari-gari, haƙar ce ta kwashe manyan ƙwayoyin, za a dakatar da ita. In ba haka ba, a ci gaba, ƙauyen kuma ya nemi wurin komawa. Ni aka ba aikin.

Na tattara alƙaluman shekara ashirin daga ɗakunan gwaji uku, kowa da irin rubutunsa. Na ga lamba tana hawa, daga ɗaya da ɗigo biyu zuwa kusan uku. Na ɗauka milimita ce, na rubuta cewa ƙwayar yashin girma take yi, kamfani ba shi da laifi. Ashe da wani ma'auni da ake kira "phi" suka yi amfani, ba su rubuta a saman shafin ba. A wannan ma'auni, lamba in ta hau, ƙwaya ƙanƙancewa ta yi. Ɗalibin aji biyu ya san wannan. Ni da nake koyar da shi na manta.

Saura kwana biyu in miƙa rahoton ka shigo ofishina da kwalabe biyu na yashin Sidowedi, ɗaya ta farkon shekarun, ɗaya ta bana. Ka rufe ƙofa. Ka zuba mini kaɗan-kaɗan a tafin hannu ka ce, "Murza mini, Mbak." Na murza. Na farko yana da kaushi, na biyu kamar garin shinkafa. Ka ce, "To wanne ne ya yi ƙiba? Ko idona ne ya tsufa?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ka ɗauki kwalabenka ka fita.

Na roƙi ƙarin lokaci. Wata huɗu ka yi kana sake tankaɗe kwalba ɗari biyu da sha ɗaya, da rariya iri ɗaya, da minti iri ɗaya, kana wanke gishirin kowanne tukuna. Daga nan ka tsara wata takarda mai shafi ɗaya ta rubuta sakamako: matsakaicin girman ƙwaya, yadda ƙwayoyin suka bambanta, ɓangaren da suka karkata, da ma'aunin a rubuce ɓaro-ɓaro a sama. Ka bi ɗakunan gwajin da babur ɗinka kana lallashin manyan malamai har suka yarda. Yau duk muna iya ɗora alƙaluman juna gefe da gefe. Ina kewar ƙarar injin girgizarka da safe, da ƙamshin tabarka mai kanumfari da ke biyo ka daga waje.

An dakatar da haƙar. Unguwa ɗaya ta riga ta tafi cikin ruwa, amma masallaci da makaranta da sauran gidajen suna nan. Rahoton ya fita da sunana a gaba. Naka yana can ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa. Na ce a gyara, ka ce ba ka son hayaniya, ni kuma na yi saurin yarda.

Ranar addu'ar bakwai mutanen Sidowedi suka zo cikin motoci biyu, da busasshen kifi da buhun shinkafa. Mai garinsu, Pak Ngadiman, ya tsaya gabana ya ce, "Bu Dakta, mun ji ma'aikacinki ya rasu, shi ya sa muka zo. Ke kika cece mu, naki namu ne." Bu Sriatun tana zaune tana ji. Ni kuwa na ce masa na gode kawai.

Pak Ngadiman, ga amsar da na kasa ba ka. Ni ce na kusa sa hannu a tashe ku. Mutumin da kuka zo wa addu'a shi ya hana.

Allah Ya jiƙan Pak Kasmidi, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bu Sriatun, da 'ya'yansa Mas Purwanto da Mbak Tutik, da jikoki. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma ku yafe mini shirun da na yi.