Tsinken Mama Roda

Duk Asabar ɗin da washegarinta za a ci Jibin Ubangiji a cocinmu na Vimtim, kusa da Mubi, Mama Roda Ezekiya ba ta zuwa gona. Ko masara na kuka da ciyawa, sai ta jira Litinin. Da hantsi take share tsakar gida, ta wanke hannu har gwiwa, ta sauko da wani kwano da ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba. Fulawa, ruwa, mai kaɗan, gishiri. Ba yisti, ba sukari. Ta murza kwaɓin da kwalba har ya yi falan-falan, ta tsaga shi da wuƙa gwargwadon ɗan yatsa, sannan ta ɗauko tsinkenta ta huda kowane yanki sau biyar: hannu biyu, ƙafa biyu, da haƙarƙarin Yesu. Daga nan sai tukunyar yashi a kan gawayi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, mu kuwa namu miƙa hannu ne kawai ranar Lahadi.

Tsinken ba wani abin kallo ba ne. Wayar ƙafar keke ce da marigayi mijinta ya wasa mata a kan dutse.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ita, 'yan zumuntar mata suka karɓi aikin. Don nuna gwaninta suka zuba yisti da sukari, sai ga abu kamar fanke a farantin coci. Mun ci, har wasu na yabawa. Da ta warke ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da su ta ba su labarin asalin gurasar: yadda Isra'ilawa suka bar Masar da gaggawa, kwaɓinsu bai samu lokacin tashi ba, suka gasa shi haka nan a hanya. Ta ce har yau Yahudawa marar yisti suke ci a Idin Ƙetarewa don kada su manta, kuma a teburin idin nan Yesu ya gutsura wa almajiransa. Muka gyaɗa kai irin na waɗanda suka sha jin labari.

Sai ƙarshen Oktoban 2014, ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi kowa ya yi ta kansa. Mutane sun ɗauki katifa, takardu, awaki. Mama Roda ta bar zannuwanta, ta ɗauki ƙullin fulawar Lahadi da tsinke. 'Yarta Hanatu, ita kaɗai da ta iya hudar nan kamar uwarta, ta shiga gari tun da safe a kan babur. Har yau ba wanda ya ce ya ga gawarta, ba kuma wanda ya ce ya gan ta.

Ina cikin waɗanda suka gudu tare da ita zuwa duwatsu. Da Lahadi ta zagayo, mun kai mutum arba'in, ga yunwa, ga ƙafafu a kumbure. Na gan ta da idona ta kwaɓa fulawar a murfin tukunya, ta huda biyar-biyar, ta gasa a kan duwatsu uku. Da tana miƙa mana ta ce, "Yanzu kun gane labarin." Ban taɓa kuka a gaban mata ba sai ranar.

Mama, ke ce kika ciyar da mu a inda ba coci ba fasto, alhali idonki na kan hanya kina duba 'yarki. Ke ce kika dawo kika tarar da gida a ƙone, Asabar ɗin farko kika nemi aron kwano.

Bara yanar ido ta fara rufe mata gani, hannu kuma ya soma rawa. A watan jiya ta shafa gurasar da ta gasa, ta ji wani yanki huda huɗu, wani shida. Ta aika wa fasto cewa ta ajiye aiki. Kwamitin coci ya zauna, aka ce ai sai a riƙa sayo burodi a shago a yayyanka. Ni, Matiyu, tsohon malamin makaranta da ya ci gurasar nan a kan dutse, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ina jin kunyar wannan har yanzu.

Ni aka aika in gaya mata. A nan na tambaye ta abin da ya kamata mu tambaya tuntuni: me ya sa duk shekarun nan ba ta koya wa kowa ba?

"Malam, aikin na Hanatu ne. In na koya ma wani, na yarda ke nan yarinyata ba za ta dawo ba."

Shekara goma muna cewa tsohuwa ce mai son aikinta, ashe wuri take riƙe wa 'yarta. Da na miƙe zan tafi, ta ce kada a sa yisti a farantin Ubangiji saboda ita. A turo mata mutum ranar Asabar.

Ba wanda ya je sai ni, wanda ko ruwan shayi matata ba ta yarda in dafa. Kwaɓina na farko ya manne wa kwalba, na biyu ya ƙone. Ta yi dariya, ta ce hannun alli ne. Ta kama yatsuna da nata masu rawa muna ƙirgawa tare har biyar.

Mun gode, Mama Roda. Allah ya saka, ya kuma share miki hawaye. Ku kuma matan zumunta da mazan da ke mini dariya, ƙofarta a buɗe take ranar Asabar, ku zo tun tana iya shafawa ta gyara mana.

Da zan tafi ranar da ta fara koya mini, ta naɗe tsinken a ƙyalle ta sa mini a hannu, amma ba ta sake shi nan da nan ba.

"Aro ne," ta ce. "In ta dawo, ka ba ta."