Ranar da Aka Auna 'Yata a Sikelin Gyaɗa

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da aka ɗora 'yata a kan sikelin gyaɗa.

Shekarar fari ce. Gero ya ƙone a gona, sai kuma a ƙarshen damina aka tafka wani ruwa da ya kayar mana da ɗaki. Na ɗauki matata da jaririyarmu muka nufi garin da muke cin kasuwa, can wajen Bagwai.

A tsakiyar kasuwar akwai layin tsofaffin kantuna na zamanin cinikin gyaɗa, masu bangon dutse da dogayen barandu, ga ƙofofin katako da sai mutum biyu ke turawa. Tun da gyaɗa ta daina albarka aka rufe yawancinsu. Makullin babban kantin yana hannun wani tsoho da ya yi aikin awo a can tun yana saurayi. Bai tambaye mu komai ba, ya buɗe mana. Ciki sanyi ƙalau, har lokacin da ɗan ƙanshin buhu.

Jaririyar 'yar mitsitsiya ce, kullum kamar raguwa take. Uwarta ta karaya, ko kunu ta daina sha, nono kuma ya fara ɗaukewa. Na yi lallashi har na gaji.

Wata safiya tsohon ya goge ƙaton sikelin da ke baranda, ya ce wa matata, "'Yata, kawo ta mu gani."

"Baba, wannan ai na buhu ne. Ina zai ji ta?"

"Ke dai kawo ta."

Ya shimfiɗa rawaninsa, ya kwantar da ita. Sandar sikelin ta ɗaga sama.

"Kin gani? Yarinya da nauyinta! Abinci kawai take jira, kuma ta wurinki zai zo."

Matata ta yi dariya har da hawaye. Ranar ta shanye kunu tas.

Ni kuwa na ga babban yatsan ƙafarsa a gefen sikelin. Da ta shiga ciki na dube shi, sai ya ce, "Malam, duk shekarun da na yi ina awo ban taɓa taka sikeli ba sai yau. Allah Ya yafe mini."

Yarinyar nan yanzu 'ya'yanta sun yi aure. Abin da na koya a barandar nan shi ne, wanda ya karaya, kafin abinci sai an fara ba shi dalilin ci.